Oksimitar yatsa: abin da take gani, da inda take yaudarar mai gida

Cikin kayan da annobar korona ta shigo da su gidajenmu, takunkumi ya tsufa an yar, man goge hannu ya ƙare a kwalba ba a sake saye ba, bokitin wanke hannu mai famfo ya koma na alwala. Abin da har yau bai rasa aiki ba shi ne 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, wadda ma'aikatan asibiti ke kira oksimita, mai auna iskar oksijin da ke cikin jini tare da bugun zuciya. Hukuncina a kanta shi ne, gidan da ke da tsoho, ko mai ciwon suga, hawan jini, asma ko ciwon zuciya, ya dace ya ajiye ɗaya, domin kuɗinta bai kai na ƙaramar wayar Android ba. Sai dai tana kuskure, kuma mafi haɗarin kuskurenta shi ne wanda ke kwantar da hankali: ta nuna lafiya lau alhali jiki na cikin wahala. Wanda bai san wuraren da take yin haka ba, gara ma bai saya ba.

Korona ce ta fito da ita daga ɗakin tiyata zuwa kasuwa, saboda wata ɗabi'a da likitoci suka lura da ita tun farkon 2020. Mutum zai kwanta da zazzaɓi da tari, yana hira, yana danna waya, bai ce numfashi na yi masa wuya ba, amma oksijin ɗin jininsa ya riga ya faɗi ƙasa da kashi 90 cikin ɗari. Kafin haki ya bayyana, huhu ya yi nisa. Yawanci a mako na biyu na ciwon ne wannan ke faruwa, daidai lokacin da iyali suka fara cewa ai ya ji sauƙi. A Kano an tabbatar da mai cutar na farko ranar 11 ga Afrilu 2020, aka kulle gari, sannan aka shiga makonnin yawan jana'iza. A watan Yuni na shekarar ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce binciken gwamnati ya ƙirga mace-mace 979, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama da alaƙa da korona, kuma fiye da rabin mamatan a gida suka cika. A Janairun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da oksimita ga masu jinya a gida waɗanda ciwon ka iya tsananta musu, da sharaɗin a koya musu amfani da ita kuma akwai ma'aikacin lafiyar da ke bin su. Wannan sharaɗin ne mai shago ba ya faɗa wa mai saye.

Yadda take aiki ba wuya. A muƙamuƙinta na sama akwai fitilu biyu ƙanana, ɗaya ja da ido ke gani, mai tsawon zango nanomita 660 (ma'aunin da ake bambanta launin haske da shi), ɗaya kuma infirared da ido ba ya gani, wajen nanomita 940. A ɗaya ɓangaren akwai idon da ke karɓar hasken da ya ratsa yatsa. Jinin da ya ɗauki oksijin ya fi shanye infirared, wanda ya sauke ya fi shanye jan haske. Na'urar na duba yadda hasken ke raguwa da ƙaruwa a kowane bugun zuciya, ta kwatanta biyun, ta fitar da lamba. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi na kamfanin Nihon Kohden, shi ya gano dabarar a farkon shekarun 1970, kuma ya rasu a Afrilun 2020, ana tsaka da wawason abin da ya ƙirƙira. Abin riƙewa a nan shi ne ba ta taɓa jini, ƙiyasi take yi da haske. Saboda haka duk abin da ya tare haske, ko ya rage gudun jini a yatsa, zai taɓa lambar.

Na kasuwa kusan siffarsu ɗaya: roba mai sifirin, batir AAA guda biyu, maɓalli ɗaya, da igiyar ratayawa. Bambancin yana fuska. Masu araha, irin su Contec CMS50DL, jajayen lambobi biyu kawai suke nunawa da wani ɗan sanda mai hawa da sauka. Na gaba da su, irin su CMS50D, suna da fuska mai launi da ke zana igiyar bugun jini, wasu samfuran kuma suna ƙara lambar PI mai nuna ƙarfin gudun jini a yatsar. In da hali, a sayi mai zanen igiya. Wannan zanen shi ne shaidar lambar: idan tudun yana zuwa a jere, iri ɗaya, a tsanake, lambar abin saurare ce, idan yana tsalle ko ya kwanta ya miƙe, ko 99 aka gani ba a auna komai ba. Akwai manya irin su Nonin da Masimo da asibitoci ke aiki da su, sun fi juriya ga motsi da sanyin hannu, amma farashinsu ya ninka na sauran sau da yawa, kuma gida ba dole ne ya kai can ba.

Araha ba ita ce laifi ba, rashin tabbas ne. A 2016 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko sun gwada oksimita shida masu araha a jikin mutane, suna rage musu oksijin a hankali suna kwatantawa da jinin da aka ɗiba daga jijiya. Biyu ne kacal suka cika ma'aunin da duniya ta yarda da shi, wato Contec CMS50DL da Beijing Choice C20. Sauran huɗun sun riƙa kaucewa sosai idan oksijin ya yi ƙasa, wato a daidai wurin da ake buƙatar gaskiyarsu. Kowace oksimita, har ta banza, za ta nuna wa lafiyayye 98, shi ya sa gwajin da ake yi a kan kanta, mai shago ya sa a yatsarsa ya ce ga shi tana aiki, ba gwaji ba ne.

Kafin a biya kuɗi a duba kwali. A nemi sunan kamfani da adireshinsa, lambar samfur, takardar bayani a ciki, da lambar wancan ma'aunin na duniya, ISO 80601-2-61. Idan an rubuta cewa don 'yan wasanni da matuƙa jirgi aka yi ta, ba don jinya ba, to kamfanin da kansa ya zare hannunsa, a ajiye musu abarsu. Shagon kayan asibiti ko babban kantin magani mai rajista ya fi teburin bakin titi, ko ba komai akwai inda za a mayar. Bayan an saya, a ƙirga bugun jini a wuyan hannu na minti ɗaya cif da agogo, a kwatanta da lambar bugun zuciya da ke ƙarƙashin rubutun PR a fuskarta. Bai kamata tazarar ta wuce biyu ko uku ba. A maƙala ta a fensir cikin ɗaki mara hasken rana sosai: ta gari za ta ƙi ba da lamba. Gwajin da ya fi duka shi ne a tafi da ita ranar ganin likita, a roƙi nas ta auna da ta asibiti a wannan hannun, ta gida a wancan, lokaci ɗaya. Ko mai kyau tana iya saɓawa da maki biyu zuwa uku sama ko ƙasa, haka aka ƙera su.

Wajen aunawa yawancin kuskure daga gaggawa yake. Mara lafiya ya zauna ya huta minti biyar. A ɗumama hannun, ko da murza tafuka ne ko sa su a hamata. A ɗora hannun a ƙirji ko a cinya, kada ya yi lilo. A zura yatsar tsakiya ko manuniya har ƙarshe, farce na kallon sama, kada a matse na'urar da ɗaya hannun. Kada a ɗauki lambar farko da ta fito. A jira daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya har ta tsaya wuri ɗaya, ita za a rubuta. A kauce wa tsakar gida da rana, domin hasken rana na shiga ta gefe ya rikita idon na'urar. In dole ne a waje, a rufe hannun da mayafi. Wani kuskure mai tayar da hankalin gida a banza shi ne juya fuska: a karanta bugun zuciya 78 a zaci oksijin ne, ko a karanta 86 a juye ta zama 98. Lambar da ke kusa da rubutun SpO2 ita ce oksijin, ta kusa da PR ko hoton zuciya ita ce bugu.

Littafi da biro rabin na'urar ne. A auna kowa a gidan tun yana lafiya a rubuta, domin a san lambarsa ta asali. Idan ciwo ya zo, sau uku a rana ya isa, safe, azahar da dare, a rubuta lokaci, oksijin, bugu, zafin jiki in akwai ma'auni, da yadda mutum ke ji. Lamba ɗaya ba ta cewa komai, jerinsu ne ke magana. Wanda ya saba da 98, jiya 96, yau 94, yana gangarowa ne ko da yana dariya.

Ma'aunin da hukumar lafiya ta Ingila ta bai wa masu jinyar korona a gida shi ya fi sauƙin riƙewa. Daga 95 zuwa sama, a ci gaba da lura. Idan 93 ko 94 ce kuma aka sake aunawa cikin awa ɗaya ba ta tashi ba, a nemi likita a ranar. Idan 92 ce ko ƙasa, asibiti nan take, ba jiran gari ya waye. Haka idan bugu ya haura 130 mutum na zaune. Masu tsohon ciwon huhu sukan zauna tsakanin 88 da 92 a matsayin lafiyarsu, su likitansu ne zai yanka musu iyaka. Mazauna tudu irin Jos da Mambila kan ga lambarsu ta ɗan yi ƙasa da ta mazauna Sakkwato ko Maraɗi, wannan ma littafin ne zai warware shi. Akwai kuma gwajin motsi ga wanda lambarsa ke 95 ko sama amma yana kukan gajiya: ya yi taku 40 a cikin ɗaki, ko ya riƙa tashi da zama a kujera na minti ɗaya, wani na tsaye kusa da shi, a sake aunawa. Faɗuwar maki uku ko fiye alama ce ta a kira likita. Wanda lambarsa ta riga ta yi ƙasa ba a sa shi wannan gwajin.

Yanzu ga inda take yaudara, kuma na farko ya shafe mu kai tsaye. An daidaita yawancin waɗannan na'urori ne a jikin masu farar fata. A Disambar 2020 likitocin Jami'ar Michigan a Amurka suka wallafa bincike a mujallar New England Journal of Medicine: cikin majinyatan da oksimita ta nuna musu 92 zuwa 96, gwajin jini ya nuna oksijin na ƙasa da 88 a kashi 11.7 na baƙar fata, a farar fata kuwa kashi 3.6. Kusan ninki uku ke nan, kuma da na'urorin asibiti aka yi, ba na kasuwa ba. A Fabrairun 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi kan haka. Duhun fata na sa lambar ta ɗan hau sama da gaskiya, kuma ratar na ƙaruwa idan oksijin ya yi ƙasa. Ba wani lissafin da za a ce a cire maki kaza ga kowa. Abin yi shi ne kada a yi wa 93 da 94 sassauci, a ɗauki saukar maki uku daga lambar asali da muhimmanci, kuma idan jiki da lamba suka saɓa, a bi jiki. Mutumin da ba ya iya gama jimla sai ya tsaya ya ja numfashi, ko yake numfashi sau 30 a minti, ko ya fara ruɗewa, ko barci ke rinjayarsa ba dalili, ko ƙirji ke masa ciwo, asibiti zai tafi ko da na'ura ta ce 97. Littattafan waje na cewa a duba ko leɓe ya yi shuɗi. A fatarmu sai a buɗe baki a duba dasashi, harshe da cikin leɓe, a ga ko sun yi toka-toka.

Na biyu lalle. Jan lalle na gargajiya ba ya cika hana ta aiki, amma baƙin lalle, musamman wanda ya rufe kan yatsa da farce, yana tare hasken har ta ƙi ba da lamba ko ta ba da ta shirme. Haka jan farce mai duhu, baƙi, shuɗi ko kore, da farcen kanti. Jan farce dai a goge. Lalle ba ya goguwa, sai a nemi yatsar da ba ta sha ba, ko a juya na'urar ta kama yatsar ta gefe da gefe, ko a gwada yatsar ƙafa in ta tsira. Mai ciki da ke shirin lallen haihuwa, da duk wadda aka sa wa ranar tiyata, ta bar yatsa ɗaya a kowane hannu ba ƙunshi. Ma'aikatan ɗakin tiyata za su gode mata.

Na uku hunturu. Sanyi na matse jijiyoyin yatsa, jini ya ragu, lamba ta yi ta rawa ko ta faɗi zuwa 85 a jikin mai lafiya. Tsoho da ya fito daga alwalar asuba da ruwan sanyi ba a auna shi sai hannu ya ɗumama. In na'urar na nuna PI kuma ta faɗi ƙasa da 1, a ɗumama a sake. Wannan kuskuren mai sauƙi ne, tsoro kawai yake sawa.

Na huɗu shi ne mai kisa, kuma shi ma da hunturu yake zuwa. Kaskon gawayi a ɗaki a rufe, ko janareta a baranda kusa da taga, suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi. Tana kama jini a gurbin oksijin, kuma oksimita mai fitila biyu ba ta iya bambanta su. Mutum na mutuwa da guba, ita tana nuna 98 ko 99. Idan mutane biyu ko uku da suka kwana ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai, jiri da tashin zuciya, kada wanda ya ɗauko na'ura. A buɗe ƙofa da taga, a fitar da kowa waje, a nufi asibiti. Mai shan taba da yawa ma lambarsa kan ɗan fi gaskiya hawa saboda wannan dalilin.

Na biyar ƙarancin jini. Lambar na faɗin kashi nawa na jinin da ke akwai ya ɗauki oksijin, ba ta faɗin yawan jinin. Kamar a ce kowane kwano ya cika fal, amma kwanukan uku ne a gidan mutum ashirin. Yaron da maleriya ta shanye wa jini, ko mai jegon da ta zubar da jini, na iya nuna 98 alhali ƙarin jini suke buƙata. Tafin hannu da cikin fatar ido da suka yi fari sun fi na'urar gaskiya a nan. Mai sikila da ya haɗa zazzaɓi, tari da ciwon ƙirji kuwa ba a tsaya auna shi a gida.

Ga yara ƙanana, ta manya ba ta da amfani. Yatsar jariri ba ta cika ramin, haske na wucewa ta gefe, ga motsi ba tsayawa. Akwai ta yara, amma ita ma sai yaro ya ɗan tasa, kuma a kan gwada babban yatsan hannu ko na ƙafa. Uwa da agogo sun fi ta: a ɗaga riga yaro na kwance shiru, a ƙirga numfashi minti ɗaya cikakke. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na saurin numfashi shi ne 60 ko fiye ga jaririn da bai kai wata biyu ba, 50 ko fiye daga wata biyu zuwa 11, sai 40 ko fiye daga shekara ɗaya zuwa biyar. Idan ƙasan ƙirji na lotsawa ciki lokacin jan numfashi, ko yaro ya ƙi nono, ko yana amai da komai, ko ya yi jijjiga, maganar gida ta ƙare. Nimoniya na kashe yara a ƙasashenmu da annoba da babu annoba.

Abin da ya fi ɓata min rai da wannan na'ura ba laifinta ba ne, abin da ake yi da lambarta ne. A ga 91, maimakon asibiti a aika yaro kemis ya sayo dexamethasone, don an ji an ce tana maganin korona. Gwajin RECOVERY na Ingila da ya fito da amfaninta a Yunin 2020 ya nuna tana rage mutuwa ne ga waɗanda ke kan oksijin ko injin numfashi. Ga waɗanda ba su kai nan ba bai nuna amfani ba. Ga shi tana tayar da suga, tana raunana garkuwar jiki. Wasu kuma su yi hayar tukunyar oksijin su kafa a ɗaki ba mai lura da adadin da ake buɗewa, har da masu ɗauko ta masu walda, wadda ba a tanade ta don shaƙar mutum ba, ga haɗarin gobara kusa da risho. Abin da iyali za su iya yi kafin mota ta zo shi ne su zaunar da babba a jingine, ko ya kwanta rub-da-ciki in yana cikin hayyacinsa kuma yana iya juyawa da kansa, a buɗe tagogi, a ɗauki littafin da magungunan da yake sha a tafi da su. Mai tsohon ciki ta kwanta a gefen hagu.

Manhajojin waya masu cewa a ɗora yatsa a kyamara su auna oksijin, a manta da su. Agogon hannu mai auna oksijin ma ba a jinya da shi.

Kula da ita abu kaɗan ne. Batir ya yi rauni, lamba ta fara wasa, don haka a canza da zarar alamar ta fito, kuma a sa batir mai rubutun alkaline a jiki. Masu arahar nan na tsiyayar da ruwa su cinye ƙarfen ciki, kuma hakan na kashe waɗannan na'urori. In za a ajiye ta fiye da wata ɗaya a cire batir. Kada a bar ta a mota da zafin Afrilu, kada a tsoma ta a ruwa, kada a ba yara wasa, domin sifirin ɗin na saki ta daina kama yatsa. Ƙurar hunturu na kwanciya a kan fitila da idon, sai a goge su da auduga da aka ɗan jiƙa da sifirit mai ƙarfin kashi 70, a bari ta bushe kafin a sa. A gidan yawa, inda na'ura ɗaya ke yawo daga wannan sashe zuwa wancan, a goge ta ciki da waje tsakanin mutum da mutum, mai aunawa ya wanke hannu da sabulu kafin da bayan, kuma a fara da masu lafiya a ƙare da mai tari.